Moneyball: lambobin gaskiya ne, labarin aka yi wa kwaskwarima

1/ Jama'a, duk wanda ya taɓa jin an ce wata ƙungiyar ƙwallo "tana yin Moneyball", ya matso kusa. Kalmar daga wani littafi da fim na wasan besbol ta samo asali. Fim ɗin ya yi kyau, babu musu. Matsalata ita ce yadda ake ɗaukarsa kamar littafin tarihi. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga matsayata tun daga farko: sakamakon wasannin da fim ɗin ya nuna gaskiya ne. Inda aka yi wasa da hankalinmu shi ne wajen bayanin DALILIN nasarar. Mutanen da suka ɗauki mafi nauyin aikin an tura su bayan labule don labari ya yi armashi.

3/ Ga wanda bai kalla ba: fim ɗin ya fito a 2011, an ciro shi daga littafin Michael Lewis na 2003. Brad Pitt ya fito a matsayin Billy Beane, janar manajan ƙungiyar Oakland Athletics ta jihar Kalifoniya a Amurka. Labarin kakar wasa ta 2002 ne.

4/ Besbol a taƙaice: mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da sanda. In ya doka sai ya ruga. Akwai tashoshi huɗu a fili, wanda duk ya zagaye su ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka.

5/ Bayan kakar 2001 Oakland ta rasa manyan 'yan wasa uku: Jason Giambi ya tafi Yankees a kan dala miliyan 120 na shekara bakwai, Johnny Damon ya tafi Boston, Jason Isringhausen ya tafi St. Louis. Albashin 'yan wasan Oakland duka a 2002 kusan dala miliyan 40 ne, na Yankees kuwa ya haura miliyan 120.

6/ Dabarar Beane: a lokacin kasuwa na biyan kuɗi mai yawa ga mai yawan dukan ƙwallo, ta raina wanda ke isa tashar farko ta wata hanya. Misali, in aka yi wa mai haƙuri jifa huɗu a karkace bai kai duka ba, zai wuce kyauta. Isa dai isa ce. Sai Beane ya riƙa kwasar irin waɗannan a araha.

7/ To bari mu fara da abin da fim ɗin ya faɗa daidai, don a yi adalci. Oakland ta ci wasa 103 a 2002, daidai da Yankees masu ninkin kuɗinta uku. Ta ci wasa 20 a jere daga 13 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, abin da ba a taɓa yi ba a American League, sai a 2017 Cleveland ta yi 22.

8/ Wasa na 20 ɗin ma, wanda za ka rantse marubuci ne ya ƙirƙira, haka ya faru. Suna gaban Kansas City 11 da 0, aka farke ya koma 11 da 11. Sai aka sako Scott Hatteberg daga benci, ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, aka tashi 12 da 11.

9/ Shi Hatteberg ɗin da gaske ne ya samu rauni a jijiyar gwiwar hannu, aka mayar da shi tsaron tashar farko, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba. A kakar, cikin kowane zuwa 1,000 gaban mai jifa yana isa tasha sau 374. Ciniki ne mai kyau ƙwarai. Wannan kam Beane ya ci yabo.

10/ Haka nan tayin da Boston ta yi wa Beane na dala miliyan 12.5 ya ƙi karɓa, gaskiya ne. Ka ga ke nan in lambobi kawai za ka duba, fim ɗin ya haye. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

11/ Tambaya: wa ya zama gwarzon ɗan wasan American League a 2002? Miguel Tejada, ɗan Oakland. Ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 34, bugunsa ya shigo da maki 131. A fim ɗin sai dai ka hango shi yana wucewa.

12/ Abin dariyar ma, wasa na 18 da na 19 a cikin jerin nan na 20, Tejada ne ya yi bugun ƙarshe da ya ba su nasara a duka biyun. Da babu shi, da Hatteberg bai samu daren da zai zama tauraro ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

13/ Tambaya ta biyu: wa ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a shekarar? Barry Zito, shi ma ɗan Oakland, nasara 23, rashin nasara 5. Ga Mark Mulder da nasara 19, ga Tim Hudson da 15. Haɗa su: 57 cikin 103. Fim mai sama da awa biyu bai samu lokacin zama da su ba.

14/ Ku ƙara da Eric Chavez, shi ma ya tsallakar da ƙwallo sau 34 a kakar. Ka yi tunanin a yi fim a kan Barcelona ta 2009, a cika shi da labarin wani ɗan baya da aka samo a araha, Messi da Xavi da Iniesta kuma su riƙa giftawa kamar 'yan kallo. Za ka yarda?

15/ Ga wata lamba da ba ta cikin fim: a 2001 Oakland ta ci maki 884, a 2002 ta ci 800. Wato ɓangaren bugu, inda aka ce an yi abin al'ajabi, baya ya ja. Abin da ya riƙe ƙungiyar shi ne masu jifa da suka hana abokan hamayya sakat. Kuma a 2001 ɗin wasa 102 suka ci, dama can ba ƙungiyar banza ba ce.

16/ Me ya sa aka ɓoye su? Saboda suna ɓata labarin. Tejada tun 1993 aka ɗauko shi daga Jamhuriyar Dominika yana yaro. Chavez a 1996, Hudson a 1997, Mulder a 1998, Zito a 1999, duk ta zaɓen matasa na shekara-shekara. Sashen masu farautar 'yan wasa ne ya bi sawunsu, wato dattawan da fim ya mayar abin dariya.

17/ Kuma ga babban sirrin ƙaramin albashin nan: a tsarin besbol na Amurka, ɗan wasa ba ya samun 'yancin sayar da kansa ga mai tsada sai ya yi shekara shida a babbar gasa. Taurarin Oakland duk matasa ne, ana biyansu ƙasa da darajarsu nesa ba kusa ba.

18/ Da lokacinsu ya yi me ya faru? Tejada ya tafi Baltimore bayan 2003 a kan dala miliyan 72. An yi musayar Hudson da Mulder a Disambar 2004. Zito ya koma San Francisco bayan 2006 a kan miliyan 126. Waɗannan kuɗaɗen kaɗai sun isa su gaya maka su wa kasuwa ta ɗauka a matsayin ginshiƙan ƙungiyar.

19/ Mu koma kan mutanen da aka sauya wa kama. Grady Fuson, shugaban masu farautar 'yan wasa, fim ya nuna an kore shi bayan cacar baki. A zahiri shi ya tafi Texas Rangers don ƙashin kansa bayan kakar 2001, kuma ya dawo Oakland a 2010 ƙarƙashin Beane ɗin dai.

20/ Koci Art Howe an nuna shi mai taurin kai, ba abin da ya dame shi sai kwantiraginsa, yana ta danne Hatteberg a benci. Hatteberg kuwa wasa 136 ya buga cikin 162. Howe ya kai ƙungiyar wasannin ƙarshen kaka shekara uku a jere, 2000 zuwa 2002. Ya fito fili ya ce an ɓata masa suna, kuma ina ganin yana da hujja.

21/ Peter Brand, yaron nan mai kunya da Jonah Hill ya fito a matsayinsa, babu shi a duniya. An gina shi a kan Paul DePodesta, wanda ya ƙi a yi amfani da sunansa. DePodesta tun 1999 yake Oakland, a Harvard ya yi karatu, ya buga wasanni a can, kuma ya taɓa yi wa Cleveland aikin leƙen abokan hamayya daga bakin fili.

22/ Jeremy Giambi da Chad Bradford da aka nuna kamar kwamfuta ce ta zaƙulo su a 2002, dama suna ƙungiyar: ɗaya tun 2000, ɗaya tun 2001. Sandy Alderson kuma, ogan Beane da ya fara dasa wannan tunani kafin ya miƙa masa kujera a 1997, an share shi gaba ɗaya.

23/ Na san me wani zai ce: "Malam, fim ne fa, ba ajin tarihi ba." Na yarda da rabin maganar. Dole a matse shekaru, dole a rage mutane. Waƙar da 'yar Beane ta rera a fim sai 2008 ta fito, shekara shida bayan labarin. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

24/ Ga ma'aunin da nake amfani da shi: mayar da abin da aka cire, ka ga ko darasin zai canza. Gyara shekarar waƙa, darasi na nan. Mayar da Zito da Tejada, nan take labarin ya tashi daga "lissafi ya doke kuɗi da tsofaffi" ya koma "ƙungiya mai taurari biyar 'yan gida ta cike giɓinta da wayo." Darasi biyu ne daban.

25/ Kar a ce na raina lissafin. Masana tattalin arziki biyu, Jahn Hakes da Raymond Sauer, sun nuna a wani bincike na 2006 cewa da gaske kasuwa ta raina wannan baiwa ta isa tasha, kuma ta gyara farashinta wajen 2004. Beane ya hango gaskiya. Amma da kowa ya farga, arahar ta ƙare.

26/ Ƙarshen fim ya ce Boston ta ci kofin World Series a 2004 da irin wannan tunani, karo na farko tun 1918. Haka ne, har sun ɗauki Bill James, uban wannan lissafi, aiki. Abin da ba a rubuta a allo ba: Boston ce ta biyu a yawan albashi a shekarar, Yankees kaɗai ke gabanta.

27/ Wadda ta fitar da Oakland a 2002 kuma Minnesota Twins ce, ita ma mai ƙaramin aljihu. Har Beane ya bar kujerar janar manaja, Oakland ba ta kai wasan ƙarshe na World Series ba ko sau ɗaya.

28/ 'Yan Liverpool, wannan ya shafe ku. John Henry, mai Boston da ya yi wa Beane tayi, kamfaninsa ne ya sayi Liverpool a 2010. Sun yi amfani da alƙaluma sosai, gaskiya ne. Amma sai da suka zuba fam miliyan 75 a kan Van Dijk da sama da miliyan 60 a kan Alisson a 2018 kafin manyan kofuna su zo.

29/ Abin da ya sa na damu: fim ɗin ya zama abin kafa hujja a wajen masu laccar "yadda za ka yi nasara". Saurayi ya kalla, ya shiga shago ko ofis da kwamfutarsa, yana kallon wanda ya shekara ashirin a sana'ar kamar kayan tarihi. Ita kuwa Oakland ta gaske, idon dattawa da lissafin matasa ne suka haɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

30/ Kuma wannan salon ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Ƙarya kana iya kama ta da bincike ɗaya a waya. Amma in aka jero maka lambobi goma duk na gaskiya aka ɓoye na sha ɗaya, duk wanda ka duba zai fito daidai, sai ka ƙara sakankancewa. Haka 'yan talla ke yi, haka 'yan siyasa ke yi.

31/ Don haka ku kalli Moneyball, ya cancanci kallo, ba a banza ya shiga takarar Oscar a rukuni shida ba. Amma duk fim ɗin da ya buɗe da cewa a kan labarin gaskiya aka gina shi, bayan ka tambayi "haka ya faru?" ka ƙara da "wa aka cire, kuma wa ya amfana da cire shi?"

32/ Yanzu naku: wane fim ne na "labarin gaskiya" kuka bincika daga baya kuka tarar an ɓoye wani Tejada a ciki? Ku ajiye sunansa a ƙasa, tare da wanda aka ɓoye. Wanda kuma yake ganin Art Howe bai da abin ƙorafi, ya zo da hujjarsa, ina nan.