Intanet a Gololo: Aiki Ne Ga Ɗaliban Hausa

'Yan'uwa ɗalibai, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Dokar sadarwa ta Nijeriya ta shekarar 2003 ta tanadi asusun USPF ƙarƙashin hukumar NCC, domin kai waya da intanet karkarar da kamfanoni ba sa hangen riba. To, shin Gololo da ke ƙaramar hukumar Gamawa ta sami rabonta? Wannan tambaya ta cancanci kundin digiri.

Wani zai ce ai wannan aikin injiniyoyi ne. Ni kuwa ina ganin namu ne. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, don haka yaron da bai saba da ita ba tun a ƙofa an bar shi baya. Haka kuma ko an kafa eriya, manomin da saƙonni ke zuwa masa da Turanci bai amfana sosai ba. Injiniya zai ƙirga eriyoyi, amma ɗalibin harshe ne zai zauna da jama'a ya ji kokensu, ya fassara musu manufar gwamnati da Hausa, su san haƙƙinsu har su nema.

Saboda haka mu ɗauki rikoda mu nufi Gololo. Allah ya sa mu dace.