Gwaji da Tiyatar Kansar Furostet: Fa'idodi da Illoli ga Magidancin Zugurma

Furostet wani ƙululu ne mai girman ƙwayar goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya zagaye bututun fitsari. Kansarsa ce ta fi kowace kansa yawa a tsakanin mazan Najeriya. Sai dai yawancin dattawan da fitsari ke yi wa gardama, kumburin tsufa ne ke damunsu, wanda ba kansa ba ne. Magidanci a Zugurma, cikin ƙaramar hukumar Mashegu, idan aka ba shi shawarar gwajin jini na PSA, yana da haƙƙin sanin abin da zai samu da abin da zai iya rasawa kafin ya miƙa hannu.

Fa'idodi

Gwajin yana iya gano cutar tun tana cikin ƙululun. A wannan mataki kansar ba ta nuna alama. Sau da yawa sai ta kai ƙashin baya ko ƙugu mutum ke jin ciwo. Likitocin Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa yawancin majinyata a wannan hali suke zuwa, lokacin da magani ya koma sassauci kawai. Ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, wannan fa'ida ta fi nauyi. Haka ma ga baƙar fata gaba ɗaya: a Ingila an ƙiyasta cewa 1 cikin 4 na baƙaƙen maza zai kamu a rayuwarsa, ninkin abin da ake gani a sauran maza.

Akwai shaidar cewa gwajin yana rage mutuwa, ko da yake ragin matsakaici ne. Wani babban bincike na ƙasashen Turai da aka fara bayyana sakamakonsa a 2009 ya sami ragin kusan kashi 20 cikin 100. Bayan shekara 16 ana bibiya, lissafin ya nuna sai an gayyaci maza 570 gwaji kafin a tsare rai ɗaya. Rai ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, 570 ma ba ƙaramin adadi ba ne.

Tiyatar cire furostet tana iya warkarwa idan cutar ba ta fita daga gurbinta ba, kuma tana rage yiwuwar yaɗuwa.

Ga wanda cutarsa ta riga ta yaɗu akwai wata ƙaramar tiyata, ta cire 'ya'yan maraina, domin kansar da sinadarin mazakuta take girma. Likita Charles Huggins ya nuna haka a Amurka a 1941. Sau ɗaya ake yin ta, tana rage zafin ƙashi, kuma ta fi allurar da ake maimaitawa duk wata ɗaya ko uku sauƙin kuɗi, abin da manomi ba zai raina ba.

Illoli

PSA ba ya rarrabe kansa da kumburi. Ciwon sanyi, kumburin tsufa, ko robar fitsari duk suna iya ɗaga shi. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda nasu ya hau, idan aka tsakuro naman aka duba, ba a samun kansa. Tsakurar kanta, wadda galibi ta dubura ake yi da allura, tana iya jawo zubar jini da zazzaɓi mai tsanani. Kuma ƙarancin PSA bai wanke mutum ɗari bisa ɗari ba.

Wata kansar tafiyar hawainiya take yi, har mai ita ya cika kwanansa da wani dalili daban. Binciken ProtecT na Birtaniya ya raba maza 1,643 masu kansar gida uku: tiyata, gashi da na'ura, da sa ido kawai. A 2023, bayan shekara 15, kusan 97 cikin 100 a kowane rukuni ba kansar ta kashe su ba. Adalci ya sa a ƙara cewa yaɗuwa ta kusan ninka a rukunin sa ido, kuma sa idon nan yana nufin gwaji a kai a kai, wanda ya fi sauƙi a Ingila fiye da ƙauyukan Mashegu.

Babbar tiyatar tana barin tabo a inda namiji ba ya son faɗa. Kwamitin rigakafi na Amurka ya ƙiyasta a 2018 cewa kusan 1 cikin 5 yana fama da yoyon fitsari mai ɗorewa, kusan 2 cikin 3 kuma da raunin gaba. Maniyyi yana ɗaukewa, don haka haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Ga mai riƙe alwala sau biyar a rana, ko mai iyali da ke sa ran ƙarin zuriya, waɗannan abubuwa ne da ya kamata a faɗa masa ƙarara tun kafin ya sa hannu, tare da matarsa idan ya yarda. Cire maraina ma yana kashe sha'awa, yana raunana ƙashi, kuma ba a mayar da shi.

Sai nisa da kuɗi, waɗanda binciken Turai bai auna ba. Ana iya ɗibar jini a Kwantagora, amma tabbatar da cutar da babban aiki kan kai mutum manyan asibitoci irin na koyarwa a Sakkwato, Shika ta Zariya, ko Ilori. Wanda aka ce masa PSA ɗinsa ya hau, alhali ba shi da halin tafiyar, ya koma gida da fargaba ba tare da amsa ba. Wani ya sayar da sa ko hatsin shekara a kan abin da a ƙarshe kumburi ne.

Duk wannan awo na mai lafiya ne da ba shi da alama, kuma kwamitin Amurkan ya bar zaɓin ga masu shekara 55 zuwa 69, bai ba da shawarar gwajin ga 'yan 70 zuwa sama ba. Wanda fitsarinsa ya tsaya, ko yake ganin jini a ciki, ko ƙugunsa ke ciwo dare da rana, ya wuce batun tantancewa, ganin likita ne ya kama shi.