"Ku Kai Shi Gida, Sai Addu'a"

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a cikinmu ya san wannan rana. Likita zai ja babban ɗa gefe, ya sassauta murya, ya ce abin ya yi nisa, ku kai shi gida, sai addu'a. A naɗe tabarma, a kwashe kwanuka, a nemi mota. Daga ranar dare ya zama abin tsoro. Tsoho na nishi har asuba, ana ɗura masa fanadol, 'yan dubiya na cewa a yi haƙuri, ciwo kaffara ne. Addu'a kam ba mu da kamarta. Amma cewa aikin asibiti ya ƙare ranar da aka fid da ran warkewa, wannan ƙarya ce, kuma mun daɗe muna haɗiye ta.

Akwai fanni sukutum a likitanci da aikinsa ke nan: sauƙaƙa wa mai ciwo mai tsanani, ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Cicely Saunders ce ta ɗora shi a kan turbar zamani lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Ta koyar cewa azabar irin wannan majinyaci ta haɗa da raɗaɗin jiki, da fargaba, da tunanin iyalin da zai bari, kuma kowanne yana buƙatar kulawa.

Bincike ya gaskata ta. A 2010 likita Jennifer Temel da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka suka wallafa sakamakon nazari a kan mutum 151 masu dajin huhu da ya riga ya bazu. An raba su gida biyu. Kowa ya sami maganin daji, amma rukuni ɗaya an haɗa su da masu sauƙaƙa raɗaɗi tun farkon gano cutar. Waɗannan sun fi jin daɗin kwanakinsu, ƙuncin zuciya ya fi sauƙi a cikinsu, kuma kaɗan ne aka yi ta wahalarwa da magani mai ƙarfi a gab da rasuwa. Sun kuma fi daɗewa a raye: tsaka-tsaki wata 11.6, ɗaya rukunin kuwa wata 8.9. Ajali na Allah ne. Amma mai cewa sauƙaƙa wa majinyaci miƙa wuya ne ga mutuwa, to ga amsarsa.

Maganin raɗaɗi mai tsanani sananne ne, kuma ba shi da tsada: mofin. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan ba da shi ga masu daji. Duk da haka, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da danginsa da ake rarrabawa. Muna cikin wannan rabin.

Za a ce ai ana tsoron shaye-shaye. Mun san ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. To amma duba abin kunya: yaro lafiyayye ya san lungun da zai sayi ƙwaya, uwarsa mai dajin mama kuwa sai a zaga asibitoci ba a samo mata mofin ba. An saki jaki ana dukan taiki.

Kada kuma a fake da talauci. A 1993 likita Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Yuganda, inda ake dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, majinyaci ya sha a gidansa. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa isa ƙauye. Yuganda ba ta fi mu arziki ba.

Mu ma iyalai da namu laifin. Mukan roƙi likita ya ɓoye wa mara lafiya gaskiya. Mukan sayar da gona da shanu mu bi duk mai lasifikar da ya yi alkawarin warkar da daji cikin mako biyu. A haka mutum zai tafi bai yi wasiyya ba, bai faɗi bashin da ke kansa ba, bai nemi gafarar wanda ya ɓata wa ba, domin kowa na ce masa ya kusa tashi, ciwo kuma ya hana shi ko natsuwar yin salla.

Saboda haka muna neman abubuwa bayyanannu. Kowane babban asibiti ya ajiye mofin na sha ƙarƙashin kulawa. Makarantun likitanci da na jinya su koyar da wannan fanni kamar yadda suke koyar da tiyata. Malamanmu su faɗa a mumbari cewa neman sauƙin ciwo bai saɓa wa haƙuri da tawakkali ba. Mu kuma, ranar da aka ce mu kai shi gida, kada mu ɗaga tabarma sai mun tambayi likita: me za mu ba shi in ciwon ya tashi cikin dare, kuma wa za mu kira?