Shirme yana da mai shi

Ina ajin ƙarshe a lise, a Agadas, na fara jin kalmar «absurde». Malamin falsafa ya rubuta ta a allo, ya ba mu labarin Sisif, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse kan tsauni, dutsen ya gangaro, ya sake turawa har abada, kamar yadda Albert Camus ya kawo a littafinsa na 1942. Sai malam ya ce kada mu wahalar da kanmu, kalmar nan ba ta da Hausa. Na yarda. Har na riƙa jefa ta cikin hira don a san na yi boko.

Yau kuma a jami'a ina jin ƴan'uwa ɗalibai suna maimaita zancen, har da ƙari: wai harshen da ba shi da kalmar, ba shi da tunanin. Haba jama'a!

Mu bi asalinta mana. Daga Latin take, «absurdus», sautin da ya saɓa wa kunne, dangin «surdus», wato kurma. Ashe su ma Turawan daga kiɗan da ya ɓaci suka samo ta, ba daga sama ta faɗo musu ba. Mu kuwa muna da shirme, da wauta, da soki-burutsu, da zancen da ba kai ba gindi. Shi kansa Sisif, in ba aikin baban giwa ba, me yake yi?

Na yarda akwai bambanci. A wurin Camus abin ba laifin kowa ba ne: mutum yana tambayar dalili, duniya ta yi masa shiru. Shirme kuwa sai da mai shi. Kana cewa «shirme ne», za a tambaye ka: na wa? To, saboda wannan tambaya na fi son tamu.

Ni ɗan Segedin ne, can Kawar, inda hanyar Libiya ta ratsa bayan Dirku. A 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 a kan jigilar baƙin haure, da goyon bayan Tarayyar Turai, aka ce don ceton rayuka ne. Direbobi suka ji tsoron kamu, suka bar hanyar da kowa ya sani, suka riƙa kauce wa rijiyoyi saboda nan ake tsaro. Mota ta lalace a inda ba mai wucewa, shi ke nan. Ina yaro na ga waɗanda suka iso garinmu a ƙafa, leɓe a tsage, ko sallama ba su iya yi. A Nuwamba 2023 aka soke dokar. Waɗanda rairayi ya rufe kuwa suna can.

Da na ba wani abokina labarin nan, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce «absurde» ne kawai. Kun ji inda matsalar take. A bakinsa kalmar ta zama bargo, kamar iskar hunturu ce ta kashe mutanen. Alhali wani ya rubuta dokar, wani ya sa hannu, wani ya ba da kuɗi.

Ban ce kada ku koye ta ba. Ku koya, ku ci jarrabawa da ita, ni ma da ita na ci. Amma in rai ya salwanta saboda shawarar da aka yanke a ofis mai sanyi, don Allah ku faɗa da Hausa, don a samu mai tambaya: shirmen wa?