A Fito Da Yaranmu Su Yi Lissafi A Tsakar Makaranta

Yau maganata a kan yaranmu ce da lissafi.

Yaron Sabo a nan Ibadan, ka ce masa ƙwarya bakwai ta goro, nan take zai ce maka goro 700 ne, ya ware la'adar dillali, ya ba ka canji daidai. Amma a rubuta masa wannan lissafin a allo, sai ya tsaya yana susar ƙeya. A haka zai kai WAEC ya rasa kiredit a lissafi, jami'a ta gagare shi, mu kuma mu ce babu rabo.

A ganina ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, aji ne ya raba shi da abin da hannunsa ya sani. Tun shekarun 1980 malamai a Ingila da Ostireliya suke fita da yara zagayen lissafi: malami ya zaɓi wurare biyar ko shida a makaranta, ya liƙa tambaya a kowanne, yara su bi rukuni-rukuni da igiya da abin awo.

Mu me ya hana mu? Ga tankin ruwa mai lita 1,000, jarka nawa mai lita 25 za ta cika shi? Ga katanga, a ƙirga bulon layi ɗaya da yawan layuka, a faɗi jimla. Wanda ya fi burge ni shi ne na inuwa. A kafa sanda, a jira inuwarta ta yi daidai da tsawonta, sai a auna inuwar bishiyar mangwaro. Tsawon bishiyar ke nan, babu wanda ya hau. An ce da wannan dabarar Thales, mutumin Girka, ya auna dalar Masar. Mu ma ai da awon inuwa kakanninmu suke gane shigar La'asar.

Na san wani Alhajin zai ce shi kuɗin karatu ya biya, ba na yawo a rana ba. Alhaji, kai a allo ka koyi awon mudu? Masu cewa makarantunmu gidajen haya ne babu fili, to akwai matakala da tagogi, akwai ma tayar mashin ɗin malam. A zagaya ta da igiya, a raba da faɗinta, yaro ya ga inda 22/7 ta fito.

Masu makarantun unguwa, ku gwada ko darasi ɗaya a mako, da safe kafin rana ta yi zafi.