FILIN MATA: Ja da Fari a Jikin Katako

Ga kaka ta yi, biki ya ƙarato, iyayen amare sun fara zirga-zirga wurin kafinta. Akwai wata rigima da a ke yawan yi a can, ita za mu taɓa yau. Uwa ta je ganin gado ko kabad ɗin 'yarta, sai ta tarar katakon ba launi ɗaya ba ne, nan ja, can fari-fari. Sai ta ce wa kafinta ya shafe shi duka da baƙin fenti don kada dangin miji su yi dariya. To, uwargida, kada ki yi wannan gaggawa.

Mutanen Birnin Gwari sun san itace. A ƙasarsu dajin Kamuku ya ke, wanda aka keɓe tun 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe shi a 1999, ba a yarda a sari itace a cikinsa ba. A dazuzzukan yankin akwai maɗaci, da kawo, da madobiya, da doka, da maje, da ƙirya. Ko wanne aka tsaga, za a ga kashi biyu. Tsakiya ta yi duhu, gefe kusa da ɓawo ya yi haske.

Bambancin launi iri biyu ne. Na farko ba aibi ba ne. Jan maɗaci na wannan bishiya ba ya zama daidai da na waccan. Sabon yanka ma ja ne mai haske, sai ya sha iska da hasken rana ya ke rinewa. Shi ya sa in kika bar faranti a bisa sabon tebur wata guda, kika ɗauke, sai ki ga shatarsa. Wannan zai saje da kansa. Madobiya kuwa zane-zanen nan nata su ne adonta. Saboda su ne 'yan kasuwa suka dinga kwasarta zuwa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da a ke taƙaita cinikinsu. Abin da wasu ke haye teku su nema, haba, ke kuma ki binne shi da fenti?

Na biyu shi ne abin tsoro, wato farin gefe. Nan ne ruwan itace ke bi, nan abincinsa ya ke, don haka nan ƙwari su ke so. Ba ya da ƙarko kamar tsakiya. In kika ga gari mai laushi yana zuba ƙarƙashin gado, da 'yan ƙananan huji a jikin katako, to, farin gefe ne a ke ci. Fenti mai duhu ba ya hana wannan, ɓoye shi kawai ya ke yi, har kuɗi su fita hannu. Kafinta nagari ya kan fafe farin ya yar, ko ya sa shi a bayan kabad inda ba nauyi. Amma ƙafar gado da ta kujera, sam, kada ki yarda.

Saboda haka ki aika a duba kayan tun suna tsirara, bayan an goge su da samfefa, kafin a shafa kome. A jiƙa tsumma kaɗan a goga. Launin da ya fito, kusan shi za a gani in an sa man ƙyalli. A ce wa kafinta ya jera allunan da suka yi kama a fuskar ƙofa da saman tebur. In allo ɗaya ya cika haske, shi kaɗai za a ɗan rina, a gwada tukuna a guntun da ya rage. A kuma tambaya ko katakon ya bushe, domin ɗanye ya kan tsage, mai kuma ba ya kama shi sosai.

Ku 'yammata 'yan makaranta, ku juya kujera 'yar tsugunno ta ɗakin iyayenku ku duba gindinta. Masassaƙi daga kututture ɗaya ya fitar da ita, sau da yawa za ku ga jan da farin tare, ku lura da wanne ne ya fara rububewa.