Kira Ga Malamai Da Fatake A Kan Sha'anin Noma

Ina so in yi magana a kan wani zance da ya yawaita a bakin samari, har wasu dattawa sun fara kama shi. Watau wai ƙasa ba ta ɗaukaka sai da man fetur da manyan masana'antu, noma kuwa aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ni ban yarda da wannan ba, kuma hujjata ba daga nesa zan ɗauko ta ba, tana nan tsakanin Katuru da Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda.

Ku tambayi kanku, me ya sa Turawa suka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, har ta zo ta tuƙe a Ƙaura cikin 1929? Gyaɗa da auduga suka biyo, ba zumunci ba. Da kaka jakuna da raƙuma su ke kwaso su daga ƙauyukanmu, a auna, a loda, jirgi ya yi kudu da su zuwa bakin teku. Sa'ad da aka sami mulkin kai cikin 1960, fiye da rabin arzikin Nijeriya daga gona ya ke fitowa, abin da mu ke sayar wa ƙasashen waje kuma shi ne gyaɗa da auduga da fata daga Arewa, koko da manja daga Kudu. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa cikin 1954, ita ke yanka farashi. Takan saya a hannun manomi ƙasa da yadda za ta sayar a Ingila, ta ajiye rarar. Da irin wannan rara aka sa hannu wajen kafa masaƙar Kaduna cikin 1957, da sauran ayyukan da a ke yabon mutanen wancan zamani da su. Yabon ya dace, amma a riƙa tunawa da wanda ya biya. Talakan da ya biya haraji, ya biya jangali, shi ne kuma aka rage wa kuɗin gyaɗarsa ba tare da an faɗa masa ba.

To, sai ga mai. An same shi a Oloibiri cikin 1956, aka fara fid da shi waje cikin 1958, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo cikin 1973. A daidai waɗannan shekaru fari ya auka wa ƙasashenmu, sa'an nan cikin 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta cinye gyaɗa. Dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Da kuɗin mai suka cika baitulmali sai ya zamana shinkafar da aka ɗauko daga bayan teku ta fi ta fadamarmu araha, samari suka jingine garma suka nufi birni.

A nan ne na ke so fatake su saurara da kyau, domin sun fi kowa sanin abin da zan faɗa. Kuɗin mai ta ƙofa guda su ke shigowa, watau ƙofar Gwamnati, kuma kafin su gangaro daga Abuja zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Katuru, sun bi ta hannaye da yawa, kowane hannu kuwa da danƙonsa. Kuɗin gona kuwa gida gida su ke shiga. In damina ta yi albarka, manomi ya sayar da wake da gyaɗa, ya biya maƙeri, ya kai wa tela ɗinki, ya sayi akuya, ya aurar da 'yarsa, ya ba malamin yaransa sadaka. Sule guda sai ya zaga hannu goma bai bar gari ba. Wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis a zamanin da ta ke ci sosai, har mutanen Nijar da na Kudu na zuwa, ya san ba albashi ne ya cika ta ba. Masana'antar da a ke ɗoki ma, masaƙa ba ta motsi sai da auduga, injin matsar mai ba ya juyawa sai da gyaɗa, kuma wanda zai sayi yadin da aka saƙa shi ne manomin nan.

Gwamnatoci sun yi ta shela a kan noma. An yi shirin ciyad da ƙasa cikin 1976, an yi wani cikin 1980. An gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, amma cikin 1980 aka zub da jinin manoman da ke neman diyyar gonakinsu a wurin. Cikin 1986 aka rushe hukumomin ciniki, aka bar manomi shi da kasuwa. Cikin 2003 shugabannin Afirka suka taru a Maputo suka yi alkawarin ware ushirin kasafinsu domin noma, mu dai ba mu ga ushirin nan a ƙasa ba.

Abin da ya fi waɗannan duka ciwo shi ne rashin zaman lafiya, wanda ya fara tsananta tun wajen 2011. A jihar da ta ɗauki noma ya zama kirarinta tun da aka kafa ta cikin 1996, an kai ga ƙauyuka suna tara kuɗi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, su sake tarawa kafin a bar su su yi girbi. Gonakin nesa, waɗanda su ne manya, sun koma daji. Fadamun Gagare da Bunsuru suna nan da ni'imarsu, amma mutum ba ya dasa shinkafa yana waiwaye. Cikin Satumba 1921 babu wanda zai yi zaton haka, cikin Satumba 2021 kuwa sai da aka rufe kasuwannin mako aka yanke wayar tarho a Zamfara baki ɗaya. Cikin 2024 kuɗin abinci ya ƙaru da kamar kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, har mutumin Ikko ya ji a tukunyarsa abin da ke faruwa a dajin Zurmi. Da aka sassauta shigo da hatsi daga waje, farashi ya sauka cikin 2025, birni ya yi murna. Taki kuwa bai sauka ba, manomin masara ya yi lissafi ya ga bai mai da uwar kuɗinsa ba. Wanda aka yi wa haka bana, baɗi ba zai faɗaɗa gona ba. Tsaron daji aikin hukuma ne, kuma a wuyanta ya ke, ba za mu daina faɗa ba.

Amma akwai abin da ke wuyanmu, mu da ku. Ya ku fatake, ku dubi bashin damina. Watan Agusta, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, sai mai gida ya zo wurinku. Wani ya ba shi tiya guda ta gero a kan ya biya biyu da kaka. Wannan riba ce tsantsa, ba ta da wani suna, domin abinci ne da abinci irinsa, da ƙari, da jinkiri. Wani kuma ya ba shi kuɗi a kan buhun wake. Wannan shi ne salam, kuma shari'a ta halatta shi in an ba da kuɗin a gaba, an ambaci irin hatsin, da ma'auninsa, da lokacin biya, ba a ɗaure shi ga amfanin gona guda ba. Sai dai halaccin ciniki bai wanke wanda ya dubi yunwar maƙwabcinsa ya yanka masa sulusin farashi ba. Manomin da kuka tatse bana shi ne mai sayen hajarku baɗi, in kun bar masa abin saye. Ajiyar hatsi ma ba laifi ba ce, Annabi Yusufu ya yi ta, amma shi ya tara ne domin ya fitar a lokacin yunwa, ba domin ya kulle sito sai yunwa ta kai maƙura ba.

Mu kuma malamai, a dā tsangaya da gona tare su ke. Almajiri ya yi noma da damina, ya ci abin da hannunsa ya shuka, da rani a fita neman karatu. Yanzu an kwashe yara an zube a birane shekara zagaye, ba fartanya, sai ƙoƙo. Na san wasu tsoro ne ya kore su, ba na zarginsu. Amma duk inda gonar bayan gari ta ke nomuwa, ya kamata almajirai su koma cikinta. Mu kuma karantar da zakkar hatsi yadda ta ke: in amfani ya kai wusuƙi 5, watau sa'i 300, ushiri ne ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga na ban ruwa da wahala, kuma a mazhabarmu a raba ta a inda aka noma, kada a loda ta a mota a kai wa wani babba a birni alhali gwauruwar da ke maƙwabtaka da gonar ba ta da tsaba.

Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa mun iya rubutu. Ina roƙon limamin kowane gari a ƙasar Shinkafi da Zurmi da Ƙaura ya zauna da sarkin kasuwa kafin ruwa ya sauka, su sa malami guda wanda zai riƙa rubuta takardar salam da ajami, kyauta, da shaidu biyu, a ambaci farashi da ma'auni a gaban mai ba da kuɗi da mai karɓa, kowa ya tafi da tasa takardar.